ZAUREN IYALI: Shara Ba Ta San Iyakar Komin Ba

 

Duk wanda ya taɓa fitowa ƙofar gida da sassafe bayan ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a Garwa ya san abin da za mu faɗa. Kwatar da ke gaban gidanmu takan wayi gari cike da kayan da ba namu ba: baƙar leda, robar ruwa, gwangwanin tumatir, takalmin yaro ƙafa ɗaya, har da tsumman katifa. Uwargida takan tsaya da tsintsiya a hannu tana tambaya wane ne ya zubo mana wannan, amsar kuwa ita ce ba maƙwabcin bango ba ne. Kayan sun taso daga wata unguwa da ke kan tudu, ruwa ya kwaso su cikin dare, ya ratsa da su unguwa biyu ko uku, ya ajiye mana. Namu kuma da muka zuba a bakin mayo da rani, muna cewa ai ruwa zai tafi da shi, yana can a ƙofar wani bawan Allah da ke gangare, shi ma yana tsine wa wanda bai sani ba.

A bara mu da wasu dattawan unguwa muka tashi takanas domin wani juji da ya girma har ya fara cin hanya. Muka je ofishi na farko, aka karɓe mu da mutunci, aka ce wurin yana bayan iyaka, ba ƙasarsu ba ce. Muka je na biyu, aka ce wurin nasu ne kam, amma sharar ta mutanen ƙetare ce, kuma ɗauka da mota ba aikinsu ba ne. Kowa ya faɗi gaskiya gwargwadon takardar da ke gabansa. Juji kuwa yana nan har damina ta zo ta rarraba shi a gidajen mutane. Tun daga ranar muka ƙuduri aniyar kawo wannan magana nan, domin mun lura cewa yawancinmu ba mu san yadda aka raba aikin ba, balle mu san ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Ga yadda abin yake. A shekarar 2007 aka raba Garwa zuwa komin uku, wato Garwa ta ɗaya, ta biyu da ta uku, kowace da magajin garinta da majalisarta. A watan Janairu na 2008 aka kafa babbar hukumar birni a bisansu, kamar yadda aka yi wa Marwa da Ngaundare a lokaci guda. Dokar ƙananan hukumomi ta 24 ga Disamba 2019 ta tattara ƙa'idojin a kundi ɗaya, ta kuma sa shugaban babbar hukumar ya zama zaɓaɓɓen magajin gari a maimakon wakilin da gwamnati ke naɗawa. Game da shara, dokar ta ɗora wa komin tattarowa daga ƙofar gida zuwa matattara da kula da ita a cikin unguwa, ta ɗora wa babbar hukuma kwashewa da kaiwa babban juji da sarrafawa. Aikin kwashewar nan kuwa akan ba da shi kwangila, kuma kamfanin HYSACAM, wanda aka kafa a Duwala a 1969, shi ne aka fi sani da shi a manyan biranen ƙasar nan. A kan takarda rabon ya yi kyau. Amma tsakanin ƙofar gida da babbar motar akwai lungun da mota ba ta shiga, akwai matattarar da ta cika ta tumbatsa, akwai kuma bakin mayon da ya zama iyaka. A waɗannan wurare ne shara ke zama marainiya.

Wannan a cikin birni ke nan. Idan muka fita waje, sashen Binuwai yana da ƙananan hukumomi 12, cikinsu har da Pitowa, Gashiga, Ngong, Lagdo, Bibemi da Turwa. Pitowa ba ta kai kilomita 20 daga Garwa ba, kuma ranar Lahadi rabin masu cin kasuwarta mu ne mutanen birni. Mukan je da ledarmu, mu dawo da hatsi da albasa da akuya, mu bar musu tarkace. Gidajen Garwa kuma kullum ƙara miƙewa suke yi ta kowace kusurwa, har ya zama mutum yana kwana a ƙasar wani komin yana wuni a ƙasar wani. Mai irin wannan zama, a ina za a lissafa shararsa, kuma wa zai biya kuɗin kwashe ta?

Kogi ya riga ya koya mana darasin da muke ƙin ɗauka. Binuwai yana gangarowa ta madatsar Lagdo, wadda aka kammala a 1982, ya wuce ta ƙarƙashin gadarmu, ya shiga Najeriya ta Yola, ya je ya haɗu da Kwara a Lakwaja. A damina ta 2012, cikin Agusta da Satumba, mun ga abin da ya yi: unguwanni sun nutse, iyalai sun kwana a makarantu, gonaki sun tafi, 'yan'uwanmu na Adamawar Najeriya ma ba su tsira ba. Ba za mu ce shara ce ta kawo ambaliyar ba, domin ruwan ya fi ƙarfin kowace kwata. Amma duk wanda ya yi yasa a bayanta ya san cewa inda magudana ta toshe da leda, nan ruwa ya fi daɗewa, nan sauro ya fi yawa, nan bango ya fi faɗuwa. Shekara biyu kafin nan, a 2010, cutar amai da gudawa ta ratsa Arewa Mai Nisa da Arewa ta ɗauki ɗaruruwan rayuka, ba ta kuwa tsaya a wata iyaka ta nemi iznin magajin gari ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa, in ji magabata. Mu dai gemunmu a haɗe yake da na maƙwabta.

To, shin doka ta bar ƙofar haɗin kai a buɗe? Ta bari. Tun dokokin 22 ga Yuli 2004, kuma kundin 2019 ya jaddada, ƙananan hukumomin sashe ɗaya ko na jiha ɗaya suna da damar haɗuwa su kafa abin da ake kira da Faransanci syndicat de communes, wato ƙungiyar da komin-komin ke zuba mata kuɗi domin wani aiki da ya shafe su duka, tana da majalisarta da kasafinta. Dabarar tsohuwa ce. Faransa ta yi dokarta tun 1890, kuma har yau ƙauyukan can da yawa da irin wannan ƙungiya suke samun ruwan famfo da motar shara. A nan gida ma an gwada: ƙananan hukumomin Mbam da Inubu, wajen Bafiya, sun kafa tasu mai suna SYCOMI domin kula da rijiyoyi da famfunan ƙauyuka. Akwai kuma asusun FEICOM, wanda aka kafa tun 1974, kuma cikin sunansa ma akwai kalmar taimakon juna tsakanin komin. Daga 2019 an sa wani haraji na musamman a kan kayan da ake shigowa da su daga waje, wanda aka fara da rabin kashi ɗaya cikin ɗari aka kuma ƙara daga baya, domin kuɗin kwashe shara kawai. Ma'ana, duk lokacin da muka sayi buhun shinkafar waje ko batirin tocila, mun riga mun biya wani abu. Saboda haka in mun tambaya ba roƙo muke yi ba.

Me haɗin kan zai sauya a zahiri? Mu ɗauki mota. Ƙaramin komin ba ya iya sayen babbar motar shara, ya biya direba, ya zuba mai, ya ajiye kuɗin gyara. Ko da wani mai taimako ya ba shi ita kyauta, ranar da ta lalace ta zama ɗakin kaji. Alhali buƙatarsa mai tsanani kwana ɗaya ce a mako, wato washegarin kasuwa. Kasuwanninmu kuwa ba rana ɗaya suke ci ba. Kakanni sun rarraba su a cikin mako domin fatake su zagaya. Abin da ya dace da ɗan kasuwa ya dace da motar shara. Mota ɗaya ko biyu, da makaniki ɗaya da rumbun kayan gyara ɗaya, suna iya bin bayan kasuwanni kamar yadda dillalan shanu ke bin su, daga Pitowa zuwa Ngong zuwa Adumri. Kowane komin ya biya gwargwadon kwanakin da aka yi masa aiki.

Sa'an nan mu duba abin da ke cikin kwandon sharar kanta, domin a nan ne maganar ta fi daɗi. Wanda ya taɓa juye kwandon gidansa ya duba da idon basira zai ga cewa mafi nauyin abin da ke ciki ƙasa ce da toka. Tsakar gidajenmu na yashi ne, ana share su safe da yamma, kuma tsintsiya ba ta bambance ganye da rairayi. Mota tana shan mai tana ɗaukar ƙasar Garwa daga wannan gefe zuwa wancan. Bayan ƙasa sai abin da ke ruɓewa: ɓawon doya da na mangwaro, ganyen dalbejiya, ragowar tuwo, kashin awaki da na kaji. Wannan duka taki ne. Mutanen Kano sun daɗe da sanin haka. Tun zamanin da, jakuna kan shiga birni da itace da hatsi, su fito da mangalar takin bola zuwa gonakin karkara, kuma da wannan ne ƙasar kewayen Kano ta jure noma shekara da shekaru ba hutu. A yammacin ƙasarmu, garin Dschang ya kafa hukumar da ke mai da sharar gidaje da ta kasuwa taki tana sayar wa manoma, tare da taimakon birnin Nantes na Faransa. Mu kuwa muna zaune a tsakiyar ƙasar auduga, a garin da SODECOTON ke da hedkwata tun kafa ta a 1974, ga masu masara, ga masu albasa, ga lambunan bakin kogi. Ba mu manta yadda kuɗin takin zamani ya yi tashin gwauron zabi a 2022 ba. Birni yana da shara ba shi da fili, karkara tana da fili da gonar da ke jin yunwa. Wannan ciniki ne da ya kamata a ce an daɗe da ƙulla shi tsakanin komin na birni da na karkara. Sharaɗinsa guda ne, kuma a hannunmu yake: manomi ba zai karɓi takin da ke cike da leda, fasasshiyar kwalba da batiri ba.

Ƙarfe ya riga ya sami masu shi. 'Yan gwangwan suna zagaya unguwanni da kura da sikeli, kuma ba ka ganin tsohuwar tukunya ta kwana a juji, saboda tana da kuɗi. Roba ce ta rasa mai so, dalili kuwa nisa ne. Masana'antun da ke narkar da ita yawanci suna kudu, Duwala kuwa ta fi kilomita 1,000 daga nan. Robar ruwa ba ta da nauyi amma tana cin wuri, don haka motar da aka cika da ita ba a matse ba iska ta ɗauka, kuɗin mai ma ba zai fito ba. Sai an tara mai yawa, an matse ta da inji an ɗaure dami-dami, kafin ɗan kasuwa ya dube ta, ko ta mota ko ta jirgin ƙasa daga Ngaundare. Komin ɗaya ba shi da yawan da zai ciyar da irin wannan inji. Komin goma sha biyu suna da shi, in kuma aka haɗa da Gidar da Figil da ke kan hanyar Marwa, sai abin ya zama sana'a. Akwai ma abin da ake iya yi a nan ba sai an kai kudu ba: gidauniyar Roger Milla ta koya wa matasa a Yawunde narkar da leda a gauraya da yashi a yi duwatsun daɓe. Yashi dai Binuwai bai hana mu ba. Sai dai mu yi hattara, narkar da roba a fili ba kariya guba ce ga ƙirjin mai yi, kuma yaran da muke gani suna tonon juji ba takalmi 'ya'yan wasu ne. Duk tsarin da za a yi, a fara da su: safar hannu, takalmi, allurar rigakafi, ƙananan kuma a mai da su makaranta.

Maganar leda ta fi kowace nuna amfanin tafiya tare. Tun 24 ga Oktoba 2012 gwamnati ta haramta siririyar ledar da ba ta ruɓewa, wadda kaurinta bai wuce mikron 60 ba, haramcin kuma ya fara aiki a watan Afrilu na 2014. Kowa ya san inda muke a yau. Mai ƙosai da ita take ƙullawa, mai nama da ita yake naɗewa, a cikinta ma ake zuba koko da zafinsa. Ku tambayi mahauta abin da suke cirowa daga tumbin shanu da tumaki. Za su nuna muku dunƙulen leda kamar ƙwallo. Tunkiyar da uwargida ta yi shekara tana kiwo domin Layya ko domin kuɗin makarantar yara takan rame a tsaye, tana ci ba ta ƙiba, ba a gane dalili sai bayan an yanka. Idan komin ɗaya ya tsananta a kasuwarsa, na kusa da shi ya yi shiru, ɗan kasuwa zai matsa gaba kaɗan ne kawai, magajin garin da ya tsananta kuma ya kwashi baƙin jini a banza. Ruwanda ta hana leda a 2008 ta kuma yi nasara saboda an ɗauki abin gaba ɗaya, daga filin jirgin sama har kasuwar ƙauye. Mu da ke da iyaka mai tsawo da kasuwanni masu cuɗanya, ƙaramin abin da za mu iya shi ne kasuwannin sashe ɗaya su yi magana da murya ɗaya, a kuma samar wa mai ƙosai abin da za ta ƙulla da shi kafin a ƙwace na hannunta.

Ba mu ce abin ba shi da ƙaya ba. Ƙaya ta farko, a ƙasar wa za a kafa babban juji? Kowa yana son a kwashe, ba mai son a zuba masa. Ƙauyen da zai karɓa yana da haƙƙin a zauna da lamiɗo da jauro da mutanen gari tun kafin a kafa turke, a nisanta wurin daga rijiyoyi da bakin kogi, a katange shi, a riƙa rufe sharar da ƙasa maimakon cinna mata wuta, aikin yi da takin farko kuma su zama na 'ya'yan wurin. Ƙaya ta biyu ita ce tsoron ƙaramin komin kada babba ya haɗiye shi, ya zuba kuɗi amma mota ta ƙare a manyan titunan birni. Maganin wannan rubutacciyar yarjejeniya ce mai ranaku da sunayen unguwanni, a manna ta a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari. Ta uku ita ce wadda kowa ke faɗa a zaure ba ya faɗa a taro: asusun haɗaka yakan zama na ba kowa. A nan ba mu da wata dabara sai bayyana lissafi a fili duk shekara, da Faransanci da Fulatanci da Hausa, a gidan rediyo da kan allo.

Kada wani ya ce mana ba za a iya ba. A farkon 2022, lokacin da Garwa ta karɓi baƙuncin wasannin cin kofin Afirka a filin Rumde Ajiya, 'yan wasan Najeriya da Masar da Sudan da Gini Bisau suka sauka a nan, mun ga manyan tituna fes, mun ga hukumomi daban-daban suna aiki kamar 'yan uwa ɗaya. An yi domin baƙi, kuma karrama baƙo halinmu ne. Amma yaran Hausare da Fulɓere da Yelwa da Jambutu ba su fi baƙon mako uku cancantar tsabtataccen lungu ba?

Saura namu na cikin gida, domin tsinke ɗaya ba ya shara, amma tsintsiya ma da tsinke-tsinke aka haɗa ta. Mu raba shara uku tun daga madafa: mai ruɓewa a rami ko a buhu domin mai lambu, ƙarfe da roba da kwalba a gefe domin masu saye, ragowar kaɗan ita ce ta mota. Ƙasa da toka a rairaye su a cike ramin ƙofar gida. Batiri da ragowar magani da allura kada su shiga cikin taki, kada kuma a bar su inda yara ke wasa. Uwargida ta koma ɗaukar kwando da kwano zuwa kasuwa kamar yadda iyayenmu suka yi, maigida kuma ya daina karɓar leda uku domin sabulu ɗaya. Yaron da aka aika zubar da shara a gaya masa inda zai kai, a kuma bi sawu, domin yaro da kwando a ka kwata mafi kusa yake nema. Ranar Layya a haƙa rami a binne jini da abin cikin tumbi, kada a tura wa maƙwabci ta magudana a ranar da ake neman gafarar juna.

Bayan haka mu yi amfani da bakinmu. Zaman majalisar komin a buɗe yake ga jama'a, kuma wakilan da ke ciki 'ya'yan unguwanninmu ne, muna haɗuwa da su a wurin suna da jana'iza. Mu tambaye su cikin ladabi: a kasafin bana nawa aka ware wa tattara shara a lunguna? Wace magana aka yi da komin da ke maƙwabtaka da mu game da mayon da ya raba mu? Yaushe za a zauna da Pitowa da Gashiga a kan mota da taki da roba? Ƙungiyoyin mata masu adashi da ƙungiyoyin matasa su rubuta waɗannan tambayoyi su kai da hannunsu, su karɓi shaidar an karɓa, su koma bayan wata guda. Wakilin da aka tambaya sau ɗaya yakan manta, wanda unguwa biyar suka tambaya kuwa yakan kai maganar gaba.

Damina ba ta jiran a gama taro. Kafin hadarin farko ya haɗu, kowane gida ya yashe kwatar da ke gabansa, ya kuma leƙa ta maƙwabcin da tsufa ko rashin lafiya ya hana. Wanda ke da labarin yadda unguwarsu ta shawo kan nata juji, ko wanda ya san mai lambun da ke neman taki, ya aiko mana ta hannun sakataren ƙungiya, za mu buga a fitowa ta gaba domin wasu su amfana.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mu da iyalanmu daga cuta da ambaliya, ya ba shugabanninmu ikon haɗa kai a kan abin da zai amfani jama'a. Sai mun sake saduwa, in Allah ya yarda. Wassalam.